Yadda Ake Zagaya Mashigin Teku a Jirgin Ruwa Mai Gudu

Na sha zagaya mashigin teku a ƙaramin jirgi mai inji, wani lokaci ina cikin fasinjoji, wani lokaci ni ke riƙe da sitiyari. Mashigin teku da nake nufi shi ne inda teku ya kutsa cikin ƙasa, tuddai ko duwatsu suka rungume shi, aka bar masa baki ɗaya da yake buɗewa zuwa babban teku. Ruwan irin wannan wuri ya fi kwanciya, kuma abin kallo yana kusa da juna: tsibirai, koguna, rairayin da babu hanyar mota zuwa gare shi. Shi ya sa mutane ke tururuwa zuwa wurare irin su Halong a Biyetnam, da Fang Nga a Tailan, da Kotor a Montenegiro.

Jirgi mai gudu yakan kai not 30. Not shi ne ma'aunin gudu a ruwa, kuma not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa, ke nan kusan kilomita 55 a awa. A kan kwalta wannan ba wani gudu ba ne. A kan ruwa, ba birki, ba bel, ƙasan da kake bi kuma yana motsi, gudu ne sosai. Yawancin abin da ke gyara wannan tafiya ko ya ɓata ta, tun a kwata, wato inda jirage ke tsayawa su ɗauki fasinja, ake yanke shi, kafin a tayar da inji.

Kayan da za ka tanada

Na jikinka: tufafi marasa nauyi masu saurin bushewa, da riga mai tare iska ko da ana zafi, don jiƙaƙƙen jiki a cikin gudu sanyi yake ji. Takalmi mai ƙasan roba wanda ya kama ƙafa. Silifas yakan zame a jiƙaƙƙen daɓe. Hula mai igiya a haɓa, tabarau mai igiya a wuya. Gyale ko wata tufa mai faɗi, a ɗaure ta tamau ko a cusa ta cikin riga. Man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, ruwan sha isasshe, tawul, da maganin jiri in kana da saurin tashin zuciya.

Waya da kyamara su shiga jakar da ruwa ba ya ratsawa. In babu, leda biyu masu zif, ɗaya cikin ɗaya, suna yin aikin. Duk abin da ba za ka iya jure asararsa ba, bar shi a masauki.

Na jirgi kuwa ba kai za ka saya ba, amma kai za ka duba da idonka: rigar ceto ga kowane mutum har da yara, igiyar kashe inji, anga (ƙarfen da ake saki cikin ruwa ya riƙe jirgi wuri ɗaya) da igiyarta, filafili, abin kwarfe ruwa, tukunyar kashe gobara, akwatin taimakon gaggawa, usur, tocila, abin da ake jefa wa wanda ya faɗa ruwa, da rediyon oba-oba na teku. Waya ba ta maye gurbin rediyon nan, domin a bayan dutse sabis yakan ɗauke.

Mataki na 1: Zaɓi rana, ka zaɓi sa'a

Da safe ake fita. Dalili shi ne ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi; idan rana ta take, iska mai zafi ta tashi daga tudu, sai mai sanyi ta kwararo daga teku ta cike gurbin. Wannan ke sa ruwan da ka gani shimfiɗe kamar tabarma da hantsi ya koma tsalle-tsalle da la'asar. Hasken safe kuma ya fi kyau ga hoto, jirage ba su cika wurin ba tukuna.

Duba hasashen yanayi na teku, ba na gari ba, ka nemi ƙarfin iska da inda take fitowa. Ƙasa da not 10, ruwa lafiya lau. Daga 11 zuwa 16 za ka fara ganin farin kumfa a kan taguwa ko'ina, za a jiƙe, za a sha jijjiga. Ni dai idan ta wuce 15 ba na fita da sabon shiga bayan bakin mashigi, kuma idan ta kai 20 na fasa gaba ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Inda iskar ke fitowa ma yana da muhimmanci: wadda ke busowa daga tudu takan bar gefen gaɓa a kwance, wadda ke shigowa ta bakin mashigi kuwa takan koro taguwa har ciki.

Sai cikar ruwa da janyewarsa, abin da baƙi suka fi mantawa da shi. Jan da wata ke yi wa teku ne babban sanadinsa. A mafi yawan gaɓoɓi ruwa yana cika sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, don haka lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. Sa'ar da ta yi wa wani daidai jiya ba lalle ta yi maka yau ba. A kwanakin sabon wata da na cikarsa, ruwa ya fi cika ya kuma fi janyewa. Bambancin wurare ma babba ne: a Bahar Rum yawanci bai kai rabin mita ba, a mashigin Fandi na Kanada yakan kai mita 16. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin wasu koguna ba a shigarsu idan ruwa ya cika bakinsu ya toshe, wasu kuma ba a kai wa gare su idan ya janye ya bar taɓo. Nemi jadawalin cikar ruwa na wurin. In ba ka samu ba, tambayi masunta ko ma'aikatan kwata.

Gargaɗi ɗaya a nan: idan ruwa yana fita daga mashigi iska kuma tana shigowa, a bakin nan sukan yi karo su tayar da taguwa gajeru masu tsaye. Ko da cikin mashigi lumui yake, bakin yana iya zama wani abu dabam.

Mataki na 2: Zaɓi jirgi da matuƙi

Je kwata tun kafin lokaci ka tsaya ka kalli yadda suke lodi. Kowane jirgi yana da iyakar mutanen da aka ƙera shi ya ɗauka, galibi a rubuce a wani ƙaramin allo kusa da matuƙi. Ƙirga kawuna. In sun wuce, kada ka shiga, ko ka riga ka biya.

Tambayi matuƙi abu huɗu: ina za a bi, awa nawa, ina za a tsaya, kuma me zai yi idan iska ta tashi. Wanda ya san aikinsa yana da amsar ta ƙarshe a shirye, zai ce maka zai bi ta bayan tsibiri kaza ko ya juyo daga wuri kaza. Wanda ya ce maka kawai "babu komai", nemi wani. Tambayi lasisi da inshora ba tare da jin nauyi ba.

Game da tsarin zagayen, ra'ayina shi ne wurare uku da aka tsaya aka more su sun fi takwas da aka wuce a guje. Masu tallar tafiya suna son jera sunaye da yawa, sai ka wuni kana gudu kana kallon bayan kan na gabanka. In kuna da yara ƙanana ko tsofaffi, ko dai ku ɗauki shatar jirgi ku kaɗai don ku iya cewa a rage gudu, ko ku hau babban jirgi mai tafiya a hankali. Mai ciki, da mai ciwon baya ko wuya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, jirgi mai gudu ba nasu ba ne.

Mataki na 3: Shirya jikinka

Ka ci abu mara nauyi, kada ka fita da yunwa, kada ka cika ciki. Maganin jiri kafin a tashi ake shan sa, yawanci minti 30 zuwa awa ɗaya, gwargwadon abin da ke rubuce a takardarsa; idan amai ya riga ya taso ba ya yin wani amfani. Yawancinsu suna sa barci, don haka wanda zai tuƙa kada ya sha. Shafa man rana tun a tudu, ka sake bayan awa biyu ko bayan iyo. Ruwa yana maido da hasken rana, ƙasan haɓa da bayan kunne ma suna ƙonewa. Faɗa wa wani da ke tudu inda za ku da lokacin da za ku dawo.

Mataki na 4: Rigar ceto da shiga jirgi

Sa rigar tun kana kan kwata, domin a wurin shiga da fita aka fi faɗawa ruwa. Ɗaure duk maɗaurai, ka ja su. Ka sa wani ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga sama: in ta haura kunnenka, ta yi maka yawa, a ruwa za ta zame ta bar ka. In tana da igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi, ɗaura ta, ita ce ke hana wannan. Ta yara da nauyinsu ake zaɓa, kuma ba a sa wa yaro ta babba. Iya iyo ba hujjar cire ta ba ce. Wanda ya bugu da ruwa a gudun kilomita 50 yana iya sumewa kafin ya yi iyon.

Miƙa jakarka tukuna, ka shiga da hannu biyu a sake. Taka tsakiyar jirgi, ba bakinsa ba, ka rage tsawo, mutum ɗaya bayan ɗaya. Kada ka sa yatsu ko ƙafa tsakanin jirgi da kwata. Kada ka yi tsalle.

Mataki na 5: Inda za ka zauna

A nan nake so ka saurare ni da kyau, domin kusan kowane sabon shiga goshin jirgi yake rugawa, wai can ne kallo. Idan jirgi ya hau taguwa, goshinsa ne ke tashi sama ya faɗo ya doki ruwa, bayansa kuwa inda inji yake kusan bai motsa ba. Wanda ke gaba yakan rabu da kujera ya yi sama, lokacin da yake saukowa kujerar kuma tana tasowa, sai su haɗu, dukan ya tafi kai tsaye cikin ƙashin baya. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da wannan ya same ta. Ba wata guguwa aka yi ba, taguwar wani babban jirgi da ya wuce ce kawai, matuƙinmu bai rage gudu da wuri ba. Ɗaukar ta aka yi daga jirgin, ba ta iya miƙewa ba. Tun ranar duk wanda na fita da shi, ni nake nuna masa wurin zama.

Daga tsakiya zuwa baya, nan ne wurin tsofaffi da yara da mai jin jiri. Ka fuskanci gaba, tafin ƙafa biyu a daɓe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, baya a miƙe, hannu biyu a kan mariƙi. In ka hango taguwa, ka ɗan ɗaga nauyinka a kan ƙafafu su shanye dukan. Zaman karkace, wato ka juya ƙugu kana magana da na baya, shi ya fi jawo rauni. Yaro ya zauna a gefen babba ta ciki, ba a kan cinya ba. Kada kowa ya zauna a bakin jirgi ko ya saki ƙafa ta goshi ana tafiya, domin wanda ya zame daga nan ƙarƙashin jirgi zai bi, farfela kuma tana baya.

In ba a samu wuri ba sai gaba, faɗa wa matuƙi ya sani, ku kuma yarda da alamar hannu ta "rage gudu" tun kafin a tashi, don ƙarar inji ba ta barin a ji magana.

Mataki na 6: Fita da gudu

Kalli matuƙi: igiyar kashe inji tana ɗaure a ƙafarsa ko jikin rigarsa? Aikinta shi ne idan ya faɗi daga mazauninsa ta fizge, inji ya mutu nan take. Jirgin da ba kowa a sitiyari yakan riƙa kewaya da gudu, ya dawo kan wanda ya faɗa. In ka ga igiyar a rataye, yi magana.

A cikin kwata a hankali ake tafiya. Da an fita aka ƙara totur, goshi zai ɗaga na ɗan lokaci, sannan jirgi ya hau saman ruwa ya daidaita. Wannan ba matsala ba ce. Kada ka tashi tsaye, kada kowa ya canja wuri sai an rage gudu.

In jiri ya fara, ɗaga kai ka kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, ko kan wani tudu da ba ya motsi. Jiri yana zuwa ne idan kunnen ciki yana jin motsi ido kuma yana ganin abu a tsaye, shi ya sa kallon waya ke ƙara shi. In amai ya zo, ka ce a tsaya, ka juya ta gefen da iska ke tafiya, wani ya riƙe rigarka ta baya.

Mataki na 7: Kallon kansa

Gudu na haɗa wuri da wuri ne. Kallo sai an rage. Idan aka iso gindin wani dogon dutse, roƙi matuƙi ya kashe inji ko na minti biyar. A nan za ka ji ruwa yana shiga ramukan dutse yana fita, ka ji tsuntsaye, ka ga layin da ruwa ya ci a jikin dutsen shekara da shekaru. A Fang Nga da Halong duwatsun na farar ƙasa ne, ruwa ya zaizaye gindinsu har wasu sun fi faɗi a sama. Wanda aka wuce da shi a guje bai ga wannan ba.

Kogo ba a kutsa masa kai. A tsaya a waje a kalli yadda ruwa ke hawa da sauka a bakinsa na 'yan mintoci, domin taguwa ɗaya tana iya ɗaga jirgi ta haɗa kawuna da rufin. Wasu koguna ma ba na jirgi mai inji ba ne: Shuɗin Kogo na tsibirin Kafri a Italiya, a ƙaramin kwale-kwale ake shiga, fasinja a kwance, kuma rufe shi ake yi idan teku ya motsa.

Hoto a lokacin tsayawa ake ɗauka, igiyar kyamara a wuya ko a hannu, rana a bayanka. In dole sai ana tafiya, sa saurin ɗauka ya kai ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, hannu ɗaya kuma yana kan mariƙi. Idan kowa ya taso gefe guda don hoto, ƙaramin jirgi yana karkata. Ku yi bi da bi.

In dolfin ko whale, manyan dabbobin teku masu kama da kifi, suka bayyana, a rage gudu, a bi ta gefensu, kada a tare musu gaba ko a raba uwa da ɗanta. A Amurka shawarar hukuma ita ce a bar yadi 50 tsakani da dolfin, yadi 100 da whale, kuma kowace ƙasa da nata. Ba a ba su abinci. Wuraren nan suna lalacewa da gaske: mashigin Maya a Tailan sai da aka rufe shi a 2018 saboda ɓarnar da jirage da cunkoson baƙi suka yi wa murjanin da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, ba a sake buɗe shi ba sai farkon 2022. Duk ledar da ta shiga jirgi da kai, ta dawo da kai.

Mataki na 8: Anga da iyo

Ta goshi ake sakin anga, ba ta baya ba, domin bayan jirgi gajere ne, taguwa za ta iya cika shi. A nemi farin rairayi, a kauce wa murjani da ciyawar ƙarƙashin teku. Tsawon igiya ya ninka zurfin ruwa aƙalla sau uku a ruwa kwance, sau biyar zuwa bakwai in da iska.

Kada kowa ya shiga ruwa sai inji ya mutu murus, ba wai an cire giya kawai ba. Haka ma wajen dawowa. Jefa wani abu mai yawo ka ga ko ruwa yana ja. In yana ja, a saki doguwar igiya a baya. Da ƙafa ake fara shiga wurin da ba a san zurfinsa ba. Mutum ɗaya ya zauna a jirgi yana ƙirga masu iyo. In ruwan mai sanyi ne, ƙasa da digiri 15, a shiga sannu a hankali, domin sanyin farat ɗaya yana sa mutum ya ja numfashi ba da son ransa ba, ya shaƙi ruwa.

Mataki na 9: In kai ne za ka tuƙa

Wasu wurare suna ba da hayar ƙaramin jirgi ba matuƙi, wasu sai da lasisi. Bincika dokar wurin. Fitarka ta farko ta zama da wanda ya san mashigin. Raba mai kashi uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya. Da ka tayar da inji, duba siririn ruwan da yake tsartowa ta baya. In babu, ruwan sanyaya inji ba ya zagayawa, kashe shi.

Dokokin hanya na teku, waɗanda ƙasashen duniya suka amince da su a 1972, ga waɗanda za ka fi buƙata. In kun yi gaba da gaba da wani jirgi mai inji, kowa ya karkata dama. In hanyarku za ta gitta, wanda ya ga ɗan'uwansa ta damansa shi ke ba da hanya, ya bi ta bayansa. Mai wuce wani shi ke kaucewa. Mai inji yana ba mai tafiya da iska hanya. Babban jirgi a ƙunƙuntar hanya kuwa, ka ba shi wuri tun daga nesa. Da dare jar fitila hagun jirgi ce, koriya dama.

Gangunan alama da ke kan ruwa suna da tarko ɗaya. A Turai da Afirka da yawancin Asiya, idan kana shigowa daga teku jar ganga tana hagunka. A nahiyar Amurka da Japan da Koriya da Filifin, jar ganga tana damanka. Tambaya kafin ka tashi. Tuta mai shuɗi da fari, ko ja mai farin layi a karkace, tana nufin akwai masu nutso a ƙasa: rage gudu, yi nesa.

Taguwar wani jirgi, rage totur kafin ka kai gare ta, ka tsallaka ta a karkace, ka kuma yi wa fasinja kashedi. Ka waiwaya ka ga taka taguwar, domin tana iya kifar da ƙaramin kwale-kwale. Wajen tsayawa a kwata, kada ka zo da gudun da ya fi wanda za ka yarda ka bugi kwatar da shi.

Mataki na 10: Idan abu ya ɓaci

Mutum ya faɗa ruwa: a yi ihu, a jefa masa abin riƙewa, mutum ɗaya ya nuna shi da hannu kada ya ɗauke ido ko na daƙiƙa, domin kai ɗaya a cikin taguwa saurin ɓacewa yake. A juyo a hankali ana fuskantar iska, a kashe inji kafin a jawo shi.

Inji ya mutu: fara duba igiyar kashe inji, da giya, da bututun mai, yawanci a nan matsalar take. In iska tana tura ku kan duwatsu, saki anga tukuna sannan ka yi gyara. In rai yana cikin haɗari, tasha ta 16 a rediyon teku, ka ce "Mede", kalmar neman agaji a teku, sau uku, ka faɗi sunan jirgi, inda kuke, abin da ya faru, da yawan mutane. In jirgi ya kife, ku zauna tare da shi. Ya fi kan mutum saurin ganuwa.

Walƙiya: ƙirga daƙiƙu tsakaninta da tsawa, kowane uku kusan kilomita ɗaya ne. In bai kai 30 ba, ku nufi tudu. Hazo ya sauko: rage gudu sosai, kunna fitilu, ka saurara.

Mataki na 11: Dawowa

Ka tsara dawowa da sauran rana aƙalla awa ɗaya. Zauna har sai an ɗaure jirgi, rigar ceto kuma a kan kwata za ka cire ta. In ka ji ƙasa tana lilo da kai bayan ka sauka, yawanci yana wucewa cikin 'yan awoyi. Ciwon baya mai tsanani kuwa, ko mutuwar ƙafa bayan wani duka da ka sha a jirgi, kada ka jira gobe, je asibiti a ranar. Tabarau ka ɗauraye shi da ruwan daɗi kafin ka goge, gilashin kyamara ka bi shi da tsumma mai laushi mai ɗan danshi, domin busasshen gishiri yana karce gilashi, zif ɗin jaka kuma in ba a wanke shi ba yakan ci ya ƙi buɗewa.